Muna son kafa ƙungiyar ƙwadago a kamfanin casar shinkafa: ta ina za mu fara, kuma ƙungiyoyin waje na da abin da za su yi mana?

Ɗan Runjin Sambo:

Assalamu alaikum manya da 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar ƙwadago. Muna aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Sakkwato, mu kusan 80 idan aka haɗa masu kula da inji, masu tukunyar turara shanshera, masu ɗinkin buhu da 'yan lodi. Kamar mutum 20 ne ke da takardar ɗaukar aiki. Sauran an ce na ɗan kwangila ne, alhali manajan kamfani ne ke raba wa kowa aiki da safe. Awa 12 ake yi, babu kuɗin ƙarin lokaci, babu fansho.

Mutum nawa ake buƙata kafin a kafa ƙungiya, kuma ina ake rajista? Na hannun ɗan kwangila na iya shiga? Sannan duk ranar 1 ga Mayu muna jin shugabanni suna cewa ma'aikatan duniya 'yan uwan juna ne. Ina son in sani tsakani da Allah, akwai abin da ILO, hukumar ƙwadago ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko ƙungiyoyin Turai za su iya yi wa mai ɗaukar buhu a Sakkwato?

Tsohon Sakatare, Mabera:

Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da cire batun rajistar sabuwar ƙungiya daga ranka. Gaskiya ne Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta ce ma'aikata 50 na iya sa hannu su nemi rajista wurin magatakardan ƙungiyoyi, amma wannan dokar dai ta hana a yi rajistar in akwai ƙungiyar da ta riga ta ƙunshi irin aikinku. Tun 1978, da aka narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi aka mai da su 42 aka kafa NLC, babbar tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa, tsarin ƙasar ga na masana'anta ne, kowane fannin aiki da ƙungiyarsa. Ku masu sarrafa abinci ne, don haka gidanku NUFBTE, ƙungiyar ma'aikatan abinci da abin sha da taba ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin NLC. Manyan ma'aikata irin akanta da shugabannin sashe nasu ƙungiyar FOBTOB ce, ƙarƙashin TUC, ɗaya tarayyar ƙwadagon ta ƙasa. Reshe za ku buɗe, kuma wanga aiki ba sai kun taka Abuja ba.

Ku fara da mutum huɗu ko biyar da bakinsu ke da nauyi, amma kada su fito daga sashe ɗaya. Ɗaya daga tukunya, ɗaya daga inji, ɗaya daga ɗinki, ɗaya daga lodi, kuma lallai a samu na aikin dare. Na dare su ne ake yawan mantawa, su ne kuma manaja ke fara jawowa in abu ya taso. Kada ku zauna cikin harabar kamfani ko a lokacin aiki, don nan ne ake samun hujjar korar mutum ba tare da an ambaci ƙungiya ba. Kada kuma ku buɗe zauren WhatsApp ku zuba mutum 80 ciki. Kafin la'asar hoton hirarku na kan teburin manaja. Mutum da mutum ake magana, a gida ko bayan sallah.

Biyu daga cikinku su je sakatariyar NLC ta jiha su nemi a haɗa su da jami'in NUFBTE mai kula da wanga yanki. Shi zai kawo fom ɗin shiga. Kowane fom ya ɗauki suna, sashe, ranar fara aiki, da sa hannu ko dangwale, kuma a karanta wa wanda bai iya karatu ba abin da ke ciki gaban shaida, don kada gobe a ce yaudararsa aka yi. Shiga ƙungiya ganin dama ne tun gyaran dokar 2005, ba a tilasta wa kowa. Shawarata kada ku bari wasiƙa ta fita sai kun haura kashi biyu cikin uku, wato mutum 54 ko fiye cikin 80 ɗin. Rabi da ɗoriya kaɗan ba ya jure barazanar mako guda.

Wasiƙar neman kamfani ya amince da reshe, uwar ƙungiya ke rubuta ta da sa hannun jami'inta, a aika kwafi ga kwantirolan ƙwadago na tarayya da ke jiha. Kada sunan ɗayanku ya fito kanta. Fom ɗin asali su zauna hannun ƙungiya.

Abin da ya fi kashe sabon reshe a nan arewa shi ne rarrabuwa. Da zarar magana ta fito za a fara raɗa cewa baƙi ne ke son ɓata kamfanin ɗan gari, ko 'yan kudu ne suka kawo fitina, ko na Nijar ba su da bakin magana. Maganinsa tun farko: kwamitinku ya ƙunshi Basakkwace da Bazamfare da Bakabe da na kudu da na ƙetaren Illela, kowa ya ga nasa a ciki. Na biyu shi ne kwamitin walwala da kamfani zai ƙirƙiro cikin gaggawa, ya raba shinkafar sallah, ya ce ai ga ƙungiya nan. Ku karɓi shinkafar, haƙƙinku ce, amma kwamitin da manaja ya naɗa ba ya iya sa hannu kan yarjejeniyar albashi.

Barista, Gawon Nama:

Baba Sakatare ya gama da tsari, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora da doka, don a nan ne ma'aikata ke asarar ƙararraki masu kyau saboda rashin takarda.

Malam, batun ɗan kwangila ba ya hana kowa shiga ƙungiya. Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, bai ware na dindindin ba. Sashe na 9(6) na Dokar Ƙwadago ya haramta a gindaya wa mutum sharaɗin barin ƙungiya kafin a ɗauke shi, ya kuma haramta korarsa saboda ita. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Sakkwato, ba ta tsayawa kan sunan da aka laƙaba wa aikin. Tana duba wa ke ba da umarni, wa ke riƙe da rajistar zuwa aiki, kayan aikin na wa ne, wa ke iya cewa kada ka dawo gobe. Idan amsar duka kamfani ce, kotu na iya ɗaukar kamfanin da ɗan kwangilar a matsayin masu ɗaukar aiki tare. Ku kuma bincika ko ɗan kwangilar na da lasisin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, domin doka ta wajabta masa.

Saboda haka hujja ita ce jarinku, kuma daga yau ake tara ta. Kowa ya adana saƙon banki na albashi. Wanda ake biya a hannu ya riƙe ɗan littafi: kwanan wata, lokacin shiga, lokacin fita, nawa aka ba shi, wa ya ba shi. A ɗauki hoton katin shaida, da jadawalin aikin da ake liƙawa a bango, da duk takardar gargaɗi mai tambarin kamfani. Takardar gargaɗi da aka ba wanda aka ce ba ma'aikacin kamfani ba ne tana da daraja ƙwarai gaban alƙali, kada a yaga ta don fushi.

Ga abin da doka ta riga ta ba ku ko babu ƙungiya. Takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da farawa, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago. Hutun awa ɗaya ga wanda ya yi awa shida ko fiye, da hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, sashe na 13. Hutun shekara aƙalla kwanakin aiki shida da albashi bayan wata 12, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara idan likita ya tabbatar. Sanarwar sallama kuwa kwana ɗaya ce ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Mafi ƙarancin albashi N70,000 ne tun Yulin 2024, kuma ya hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Sai dai a kula, dokar ta cire waɗanda ake biya bisa yawan abin da suka yi. Ɗan lodin da ake biya kan buhu ba zai iya kai ƙarar N70,000 ba. Shi abin da reshe zai nema masa shi ne farashin buhu a rubuce, da kuɗin jira ranar da mota ba ta zo ba.

Ina roƙonku kada yajin aiki ya zama matakin farko. Dokar Rikicin Ma'aikata ta shimfiɗa hanya: ku fara da sulhun cikin gida, in ya ƙi, cikin kwana bakwai ku zauna da mai shiga tsakani da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, in kwana bakwai suka wuce ba a daidaita ba, a rubuta wa Ministan Ƙwadago cikin kwana uku, daga nan sai mai sasantawa na gwamnati, sai kwamitin yanke hukunci, sai kotu. Ana kuma buƙatar ƙuri'a da rinjayen mambobi masu rajista. Sashe na 43 na Dokar Rikicin Ma'aikata ya ce ba aiki ba albashi. Wanda ya kashe tukunya ranar Litinin cikin zafin rai ya miƙa wa kamfani hujjar da ba shi da ita ranar Lahadi.

Kan tambayarka ta ILO, amsata a matsayin lauya ita ce tana da amfani har cikin ɗakin kotu. Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 87 kan 'yancin ƙungiya da ta 98 kan 'yancin cinikin albashi tun Oktoban 1960. Gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya kawo sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su, da kuma hukunta rashin adalci a wurin aiki bisa mizanin duniya. Lauyan ƙungiyarku zai iya tsayawa a Sakkwato ya kafa hujja da Yarjejeniya ta 98 da aka rubuta a Janiba a 1949.

Kwamared, Arkilla:

Tambayarka ta ƙarshe ta cancanci amsa ba tare da kwaskwarima ba, ɗan uwa, don an sha cika wa ma'aikata kunne da alkawari.

Babu wata ƙungiyar duniya da mutum ɗaya ke shiga. Kai kana cikin reshe, reshe na cikin NUFBTE, ita kuma tana cikin IUF, tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan abinci da noma da otal ta duniya, wadda aka kafa a 1920 kuma hedikwatarta ke Janiba. Ta ɗaya ɓangaren NUFBTE na cikin NLC, NLC na cikin ITUC, tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta duniya da aka kafa a 2006, mai ofishin Afirka a Lome, da kuma OATUU, tarayyar ƙungiyoyin ƙwadagon Afirka mai hedikwata a Akara. Ɗan Najeriya ma, Ayuba Wabba, ya shugabanci ITUC daga 2018 zuwa 2022. Koke ta wannan hanyar yake hawa, taimako ma ta nan yake saukowa. Duk wanda ya turo maka saƙo cewa ka biya kuɗi a ba ka katin ƙungiyar duniya ko a kai ka taro Turai, ɗan damfara ne.

Misalin da ya fi kama da naku na Pakistan ne. A masana'antar shayin Lipton ta Unilever da ke Khanewal, ma'aikatan dindindin 22 ne kacal, fiye da 700 kuma na hannun 'yan kwangila. Ma'aikatan suka kafa kwamiti, ƙungiyarsu ta ƙasa ta kai maganar IUF, IUF ta shigar da ƙorafi a Birtaniya inda uwar kamfanin take, ƙungiyoyi a ƙasashe da dama suka yi ta matsa lamba. A Oktoban 2009 aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta samar da guraben dindindin 200. A Bangaladash, bayan ginin Rana Plaza ya rushe ranar 24 ga Afrilun 2013 ya kashe fiye da mutum 1,100, tarayyoyin ƙwadago na duniya IndustriALL da UNI suka sa kamfanonin tufafi fiye da 200 rattaba hannu kan yarjejeniyar duba lafiyar gine-gine da doka ke iya tilastawa. A Durban kuwa, cikin Afrilun 2008, ma'aikatan tashar jirgin ruwa suka ƙi sauke makaman da wani jirgin Sin ya kawo wa gwamnatin Zimbabuwe, don sun san kan 'yan uwansu za a juya su. Abin da ya taɓa hanci, ido ne ke ruwa.

Mu ma mun ci moriyar haka. A Agustan 1994 gwamnatin Abacha ta rushe shugabancin ƙungiyoyin ma'aikatan man fetur NUPENG da PENGASSAN da na NLC, ta tsare babban sakataren NUPENG, Frank Kokori, a kurkukun Bama. Ƙungiyoyin waje ba su bar sunansa ya ɓace ba, har ILO ta yanke shawarar kafa kwamitin bincike kan Najeriya a Maris ɗin 1998, matakin da ba ta cika ɗauka ba. An saki Kokori a watan Yuni na shekarar, bayan rasuwar Abacha.

To amma duba dalilin da ya sa na Khanewal da Rana Plaza suka yi tasiri: akwai babban kamfani mai suna a kasuwar Turai da ke tsoron masu saye. Idan kamfaninku na ɗan kasuwar gida ne, kuma shinkafarsa a Sakkwato da Gusau da Kano take ƙarewa, wasiƙa daga Janiba ba za ta hana shi barci ba. Don haka ku binciki abu uku: wa ke da hannun jari, wa ke sayen kaya da yawa, wa ya ba da bashin injina. Idan akwai kuɗin IFC, reshen Bankin Duniya mai ba 'yan kasuwa bashi, ƙa'idarsa ta biyu ta wajabta mutunta 'yancin ƙungiya har ga na hannun ɗan kwangila, kuma akwai ofishin karɓar ƙorafi. Idan babu komai na waje, haɗin kan da zai yi muku aiki na kusa ne: direbobin da ke kawo shanshera, ma'aikatan sauran kamfanonin shinkafa na Sakkwato da Kabi, da majalisar NLC ta jiha.

Kwamitin ILO kan 'yancin ƙungiya, wanda ke aiki tun 1951, ƙorafi kan gwamnati yake karɓa, ba kan kamfani ba, kuma daga ƙungiya, ba daga mutum ɗaya ba. Ba ya cin tara. Abin da waje ke kawowa kullum ba tare da hayaniya ba shi ne horo kan cinikin albashi da lafiyar wurin aiki, da kwafin yarjejeniyoyin da wasu suka cimma, don ku shiga ɗakin tattaunawa kun san abin da ake iya samu.

Ɗan Runjin Sambo:

Allah ya saka da alheri, Baba, Barista da Kwamared. Saura biyu. Akwai ɗan uwanmu da bel ɗin inji ya cire wa yatsu biyu kwana tara da suka wuce, an ba shi kuɗin magani aka ce ya je ya huta. Me ya kamata a yi masa? Kuma mutane na tsoron kuɗin ƙungiya zai rage musu albashi, me za mu ce musu?

Mai Lissafi, Tudun Wada:

Allah ya ba shi lafiya. Maganarsa ta fi komai gaggawa, Malam, don kwana biyar suka rage. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce wanda ya ji rauni ya sanar da mai aiki cikin kwana 14. A rubuta gobe: sunansa, rana da lokaci, wane inji, yadda abin ya faru, sunayen waɗanda suka gani. Kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata kan ɗayan. Idan sun ƙi karɓa, a aika ta kamfanin kai saƙo a riƙe rasit. Kamfani na da kwana bakwai ya sanar da NSITF, hukumar da ke riƙe da asusun diyyar ma'aikata, shi kuma mai rauni na da shekara ɗaya ya shigar da neman diyya. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi. Kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ake zuba wa asusun, mai aiki ne ke biya, haramun ne a cire daga albashin ma'aikaci. Ya nemi rahoton likita daga asibitin gwamnati, ya adana katin asibiti da rasit na magani. Kada ya sa hannu ko ya dangwala kan wata takardar da ke cewa an sallame shi da kuɗin da aka ba shi. Dokar Masana'antu ma ta wajabta sanar da sufeto duk haɗarin da ya hana mutum aiki fiye da kwana uku, kuma ta ce a killace bel da duk abin da ke juyawa. In har yanzu bel ɗin a buɗe yake, a ɗauki hotonsa kafin a rufe.

Kuɗin ƙungiya kuwa, kundin NUFBTE ne zai faɗi adadin, ku tambayi jami'in ya nuna muku a rubuce. Amma ku yi wa mutane lissafi a fili. A ce kashi 2 cikin 100 ne kan N70,000, N1,400 ke nan a wata. Dokar Fansho ta 2014 ta hau kan mai ma'aikata 15 zuwa sama: shi kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Idan aka ɗauki N70,000 a matsayin tushe, N7,000 daga aljihun kamfani da N5,600 daga naka, N12,600 duk wata cikin asusu mai sunanka, wanda dole a zuba cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Ga kuma inshorar rai ta ninki uku na albashin shekara. Ku faɗa musu gaskiya cewa abin da zai shigo hannu zai ɗan ragu da farko, don in suka gano da kansu ranar albashi za su ce an ɓoye musu.

Tsohon Sakatare, Mabera:

Ƙari ɗaya kan maganar Mai Lissafi, ɗana. Takardar wanga bawan Allah ta fita da sunansa shi kaɗai, kada a haɗa ta da batun ƙungiya tukuna, don kada a gane su wa ke bayanta. Amma ku biyar ɗin ku yi karo-karo ku kai masa gida, ku raka shi asibiti da ofishin NSITF. Sauran 75 suna kallo, kuma abin da suka ga an yi masa shi zai sa su karɓi fom. Buƙatunku na zaman farko da kamfani kada su wuce uku: takardar ɗaukar aiki ga kowa, murfi kan bel da abin rufe hanci ga masu aiki cikin ƙurar ƙaiƙayi, da kuɗin ƙarin lokaci bayan awa takwas. Ƙarin albashi ku bar shi sai zama na biyu, bayan an fara cire kuɗin ƙungiya ta hannun kamfani kuma kun ga rasit ɗin farko.